Furen Jinyinhua na Sin: busasshe, gari ko ruwan kwalba, wanne za ka saya?

Jinyinhua furen wata shuka ce mai yaɗo da masana ke kira Lonicera japonica. Sinawa sun daɗe suna dafa shi su sha don zazzaɓi, ciwon maƙogwaro da maruru. Yana ɗauke da sinadarin chlorogenic acid, wanda ke kare ƙwayoyin halittar jiki daga lalacewa, kuma a ɗakin gwaji an ga ruwan furen na daƙile yaɗuwar wasu bakteriya, irin su Staphylococcus aureus. Sai dai kwanon gwaji daban, jikin mutum daban. Duk mai tallar da ya ce maka zai maye gurbin maganin da likita ya rubuta, kuɗinka yake so.

Abu na farko da ke rikita masu saye shi ne akwai ɗan'uwansa, shanyinhua, da ake nomawa a kudu, musamman lardin Hunan. Da ana ɗaukar su abu ɗaya, sai a 2005 kundin magunguna na gwamnatin Sin ya raba su. Shanyinhua ya fi araha, shi ya sa wasu ke cakuɗa shi a buhu. Ba guba ba ne, amma kar ka biya kuɗin jinyinhua a ba ka shanyinhua. Jinyinhua na ainihi ya fi fitowa daga Pingyi a lardin Shandong, Fengqiu a Henan, da Julu a Hebei. Idan sautu ka ba ɗan kasuwar da ke zuwa Guangzhou, ce masa ya tambayi garin da kayan suka fito in ya shiga kasuwar magungunan gargajiya ta Qingping.

Ni dai busasshen toho na fi yarda da shi, domin idonka ne alƙali. Nemi wanda bai buɗe ba, siriri, launinsa tsakanin kore da rawaya, mai ɗan gashi-gashi mai laushi in ka shafa. Wanda ya riga ya buɗe darajarsa ta ragu. Ka kuma shinshina. Wasu na turara shi da farar wuta don ya yi haske kuma ƙwari su bar shi, to in ka ji ɗan tsami mai sarƙe hanci, ajiye musu kayansu.

Gari da kafso sun fi sauƙin sha, amma an niƙe shaidar. In babu sunan shukar a jiki da lambar NAFDAC, wuce kawai.

Ruwan kwalba irin Shuanghuanglian kuwa haɗi ne na shuke-shuke uku, ba furen kaɗai ba. A farkon 2020 mutane sun yi layi a shagunan magani a Sin sun kwashe shi, saboda rahoton cewa yana daƙile korona, alhali a ɗakin gwaji kawai aka gwada.

Hukumar lafiya ta Hong Kong ta sa wannan fure cikin ganyayyakin da masu ƙarancin sinadarin G6PD a jini za su guje wa, don gudun fashewar jajayen ƙwayoyin jini. Wannan lalura tana da yawa a Najeriya, musamman ga maza, kuma akasari mutum bai san yana da ita ba. Don haka kar a ɗura wa jariri, mai ciki kuma ta fara tambayar likita.