Akwatin littattafan Beatrix Potter bayan wata bakwai a hannun yarana

Ƙanwata da ke aikin jinya a Ingila ce ta aiko da shi cikin tsarabar ƙaramar salla, tare da takalma da cakulan. Takalman sun yi wa yaran kaɗan, cakulan kuwa bai kwana ba. Akwatin ne kaɗai ya rage, kuma gaskiya da na buɗe shi na raina. Littattafai ashirin da uku ne a jere, farare, kowanne da lambarsa a gadon baya, kuma kowanne bai fi tafin hannuna da kaɗan ba. Ni da na ji an ce littattafan yara masu hotuna, na sa ran ganin manya-manya masu kala bau, irin waɗanda ake bazawa a tabarma. Sai ga wasu 'yan mitsi-mitsi kamar littafin addu'o'i na aljihu.

Daga baya na gane ƙanƙantar da gangan ce. Beatrix Potter, matar da ta rubuta su, ta kuma zana hotunan da hannunta, ita ta dage a yi su daidai hannun yaro, a kuma sayar da araha. An haife ta a Landan a 1866. Labarin farko, na zomon nan Peter Rabbit, wasiƙa ce ta rubuta a 1893 ga ɗan tsohuwar malamarta, yaro ɗan shekara biyar da ke kwance ba lafiya. Da ta so mayar da wasiƙar littafi, kamfanoni suka yi ta ƙi, sai ta buga kwafi 250 da kuɗinta a 1901. A shekarar da ta biyo baya kamfanin Frederick Warne ya karɓa, ya fitar da shi da kala, ana sayarwa sule ɗaya.

Yarana uku ne: babbar tana da shekara tara, mai bi mata shida, autan kuma bai cika huɗu ba. Bayan sallar isha'i muke zama. Tun daren farko suka kasa furta sunan zomon, suka mai da shi Fita, kuma sunan ya zauna masa daram, don yaro ne da ba ya zaman gida. Uwarsu za ta tafi sayen burodi, ta tara su su huɗu ta ce su yi wasa duk inda suka ga dama amma kada su kuskura su shiga lambun tsoho McGregor, domin can ubansu ya gamu da ajalinsa: matar mai lambun ta cusa namansa cikin kwaɓin fulawa ta gasa. A shafukan farko fa ke nan. Na ɗan tsaya, ina tunanin ko in tsallake wurin. Mai bi wa babbar ya riga ya tsinci abin da ake nufi, ya ce, "Umma, cinye shi suka yi?" Na ce e, cinye shi suka yi. Ya yi shiru, ya matso kusa.

Surukata tana gefe a kan dardumarta tana jan carbi, ashe kunnenta na wurinmu. Da aka kai inda zomon ya cika cikinsa da latas da wake har ya fara murɗa masa, sannan ya yi kiciɓis da mai lambu, ya zubar da takalmansa biyu, maɓallan rigarsa suka sarƙe a raga, ya tuɓe rigar ya tsere ya faɗa cikin gwangwanin ban ruwa da ruwa a ciki, sai ta ajiye carbin ta ce, "Yo wannan ai tatsuniya ce, Bature ya sa mata riga. In kunne ya ji, jiki ya tsira." Tun daga ranar ita ma ta shiga sahu, kuma ita ta fi kowa jin haushin mai lambun.

Ina ganin ta faɗi gaskiya, kuma wannan ne dalilin da ya sa littattafan suka karɓu a gidana. Tatsuniyoyin da aka yi mana muna yara ba su ɓoye mana cewa dawa akwai mai cin wani ba. Kura tana cin mutum, Gizo yana cuta, wanda ya ƙi jin magana yana ganin ba daidai ba. Yawancin littattafan Turanci da yarana ke kawowa daga makaranta kowa a ciki abokin kowa ne, zaki da barewa suna rabon alewa. Wannan matar ba ta yi wa yara irin wannan rufa-rufar ba. Kuregen da ya dami tsohuwar mujiya da kacici-kacici da rashin kunya ya tsira da ransa, amma ya bar rabin jelarsa. Kwaɗon da ya fita kamun kifi, kifi ne ya haɗiye shi, sai ɗanɗanon rigar ruwansa ya sa aka tofar da shi. Ɗan magen da ya ɓuya wa uwarsa ya faɗa hannun wasu ɓeraye biyu, mata da miji, suka shafe shi da man shanu suka naɗe shi cikin kwaɓin fulawa suna murzawa da muciya. Wannan na ƙarshen ya hana autana barci, dole na ɗage shi saman kwaba sai ya ƙara wayo.

Wanda ya fi burge ni duk cikin akwatin shi ne na agwagwa Jemima, wanda ya fito a 1908. Matar manomi ba ta yarda ta kwanta a kan ƙwanta ba, kaza ake sa wa, kamar dai yadda ake sa wa kaza ƙwan zabi a ƙauyukanmu. Ita kuwa ta ƙudurta sai ta ƙyanƙyashe 'ya'yanta da kanta, ta tashi ta shiga daji neman wuri. Can ta haɗu da wani dattijo mai ladabi, sanye da kwat, yana karanta jarida, ya ba ta rumfarsa cike da gashin tsuntsaye ya ce ta sake. Marubuciyar ba ta yi saurin faɗa wa yaro cewa dila ne ba, hoton ne ke faɗa: ga dogon baki, ga jela buzu-buzu tana leƙowa. Da ya ce mata ta je ta kawo albasa biyu da ganyayyakin ƙamshi za a yi liyafa, babbar 'yata ta dafe kai ta ce, "Kayan miyarta fa take ɗauko masa!" Daɗin labarin ke nan, yaro ya riga agwagwar ganewa, yana ta yi mata ihu ita ba ta ji. Kuma ƙarshen ba mai daɗi ba ne gaba ɗaya. Karen gida ya cece ta, amma 'yan kwikwiyon da ya gayyato suka lashe ƙwan nan tara kafin a hana su. Aka rako ta gida tana kuka.

Hotunan kuwa su ne dukiyar akwatin. Fentin ruwa ne, kala mai sanyi, ba mai kashe ido ba. Abin da na lura da shi bayan na karanta sau da yawa shi ne dabbobinta ko da riga a jikinsu suna nan a dabbobinsu. Zomon yana tsayawa da ƙafa biyu in yana cikin rigarsa, amma da zarar rigar ta fita sai ya koma gudu da ƙafa huɗu, kunnuwa a miƙe, zomo sak irin wanda muka sani. Ba mamaki, tun tana yarinya take kiwon zomaye da ɓeraye da bushiya a ɗaki tana zana su, kuma ta yi shekaru tana nazarin tsiron nan naman kaza, wato laimar kwaɗi, da zana shi, har ta rubuta takardar bincike da aka gabatar a wata ƙungiyar masana a Landan a 1897, ba tare da ita a wurin ba, don a lokacin ba a barin mata su shiga taron. Autana bai iya karatu ba, amma shi ya fara gano rigar Fita mai ruwan bula a cikin kayan wankin bushiya a wani littafin daban. Ni na wuce wurin sau uku ban gani ba.

To, ga inda na sha wuya.

Turancin tsoho ne, na mutanen Ingila na shekara ɗari da ashirin baya. Ni da na yi digiri sai da na buɗe ƙamus a waya a kan kalmar soporific, ashe abin da ke sa barci take nufi, wai cin latas da yawa ke jawo shi. Akwai sunayen 'ya'yan itatuwa da furanni da ba mu da su, akwai kayan ɗinki da na girki da ko a can ɗin an daina amfani da su. Babbar tana iya karanta uku ko huɗu da kanta tana tuntuɓe. Sauran biyun kuwa, abin da nake yi shi ne in karanta shafi a zuci, in buɗe da gatanan gatananku, in ba su da Hausa suna kallon hoto. Wanda ya saya da niyyar yaro ɗan aji biyu ya zauna shi kaɗai ya koyi Turanci da su, zai yi asarar kuɗinsa.

Ƙanƙantar da aka yi don hannun yaro ɗaya ita ce fitina ga uwa mai yara uku. Kowa na son ganin hoto a lokaci guda, kawuna na karo, in an ɗauke wuta kuma ga fitilar waya a ɗaya hannun. Farin bangon ma bai san harmatan ba, bai san hannun da ya ci tuwo ba. Guda biyar da aka fi so yanzu sun koma ruwan ƙasa, ɗaya na liƙe bayansa da salatif. Amma ɗinkin yana da ƙarfi, ko shafi ɗaya bai fita ba, takardar kuma mai kauri ce.

Sannan ba duka ashirin da ukun ne suka kai ba. Na dila da dage ya yi tsawo, rubutu ya fi hoto yawa, yaran suka watse tun kafin a kai rabi. Na telan garin Gloucester, wanda ɓeraye suka ƙarasa masa ɗinki yana kwance da zazzaɓi, ni ya yi mini daɗi ƙwarai, kuma shi ne ita kanta marubuciyar ta fi so, amma na manya ne. Biyu daga ciki waƙoƙin reno ne na Turawa, in an juya su Hausa babu abin da ke saura. Biyu kuma jarumansu aladu ne. Ni ban ga laifin labarin ba, surukata dai ta ce ba a gabanta ba, aka bar su a ƙasan akwati. In na ƙirga da gaskiya, takwas ne ke yawo a gidan nan.

Wata maƙwabciyata da ta gani ta yi sha'awa, ta yi oda a intanet da araha. Abin da ya zo mata ya ba ni tausayi: kala ta dusashe, zomon ya koma kamar an wanke shi da bilic, an kuma taƙaita labarin an cire maganar uban. Dalili shi ne matar ta rasu a 1943, kuma tun farkon 2014 haƙƙin mallakar labaran ya ƙare a ƙasarsu, don haka kowa na iya bugawa yadda ya ga dama. Mai saye ya duba sunan Frederick Warne a jiki. Wannan ƙarewar haƙƙin kuma ita ke sa ni marmarin wani mai hannu a Hausa ya zauna ya juya ko da na zomon da na agwagwar ne, da hotunansu na asali, ya hutar da ni fassarar dare.

Da kuɗina zan saya, ba zan ɗauki akwatin gaba ɗaya ba. Zan tsinci na Peter Rabbit, da na ɗan'uwansa Benjamin Bunny inda suka koma lambun ƙwato rigar har mage ta zauna a kan kwandon da suka ɓuya awa biyar, da na agwagwa, da na bushiya mai wanki, da na kwaɗo. Waɗannan biyar ɗin su ne suka yi dauɗa a gidana. Na Benjamin kuwa surukata ke nema a maimaita, saboda wurin da uban Benjamin ya zo ya kori magen, ya zaro su biyun daga ƙarƙashin kwando ta kunne, ya zane su da tsumagiya.