Daga Manchesta: na'urar kunne da jirin da ya biyo baya

Assalamu alaikum Yaya, ina gaishe ka da su Inna.

Ka ce in ba ka labarin na'urar ji da aka dasa mini a kunne, wadda ake kira cochlear implant, saboda yaron nan naka da sanƙarau ya toshe wa kunne. To, a nan Ingila ban biya ko sisi ba, hukumar lafiya ta NHS ce ta ɗauki nauyi. Babba irina kunne ɗaya ake yi wa, yara kuwa duka biyun.

Abin da ban zata ba shi ne jiri. Ashe gaɓar da ke riƙe mutum kada ya faɗi tana can cikin kunne, bango ɗaya da sashen ji mai siffar dodon-koɗi, wanda ake zura wa wayar na'urar. In an taɓa wannan, wancan ma sai ya ji a jikinsa. Kwanakin farko ina tafiya ina dafa bango kamar mai tatata. Da dare ya fi muni, don ido ba ya taimako a duhu.

Tun kafin tiyata sun zuba mini ruwan ɗumi da na sanyi a kunne suna kallon yadda idona ke rawa don gwada wannan gaɓar, suka zaɓi kunnen da ya fi rauni, suka bar mai ƙarfin. Bayan aiki wata mai gashin ƙashi ta koya mini in kafa ido kan harafi a bango ina kaɗa kai. Yara har dariya suke mini. Amma a hankali ƙasa ta daina juyawa, kuma wajen wata guda bayan aikin aka kunna na'urar.

Su kamfanonin da ke ƙera na'urar, Cochlear na Ostareliya da MED-EL na Ostiriya, duk kayansu nagari ne, kada ka tsaya zaɓen suna. Tambayi wa zai riƙa saita na'urar bayan an dasa, wa zai gwada tafiyar yaron, ina za a samu batir da waya in ta tsinke, da yadda za a yi caji in an ɗauke wuta kwana biyu. A nan waya kawai nake bugawa a aiko ta gidan waya.

Kuma ka hanzarta, Yaya. Bayan sanƙarau cikin kunne kan cike da ƙashi, har wayar ta kasa shiga. Tangaɗin da ka ce yana yi ma ka faɗa wa likita, ciwon kan taɓa gaɓar nan da ke riƙe mutum kada ya faɗi.

Ƙanwarka.