Shagon tsofaffin makamai a Adum, abin da idona ya gani

Salamu alaikum 'yan uwa. Ni dai tun ina yaro a unguwar Aboabo ta Kumasi nake son tsohon ƙarfe, kakana maƙeri ne yana gyara wa maharba bindigar toka, to da wani abokina ya ce min akwai wani dattijo a lungun Adum, ba nisa da Kumasi Fort inda gidan tarihin sojoji yake, wai yana da bindigogi masu haɗe da wuƙa, ranar Asabar ban ko karya ba na hau trotro, motar haya.

Shagon ƙarami ne, galibin kayan ciki ma'aunan zinari ne na tagulla irin na Asante da kujerun katako da tsofaffin kwabbai, makaman suna can ciki a wata durowa mai gilashi ya sa mata kwaɗo. Na gaishe shi na ce Baba wuƙa mai bindiga na zo gani, ya dube ni ya ce ɗana gani ko saye, na ce gani tukuna, ya yi murmushi ya ɗauko makulli.

Wadda ya fara ɗora min a hannu, wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. Wuƙar aljihu ce mai baki biyu da ake naɗewa, ƙotarta ƙaho ne ya yi santsi don shan hannu, a bayanta an kwantar da siririn bututun bindiga, kunamar ma naɗewa take ta shige ciki. A jikin wuƙar an buga Unwin & Rodgers, Sheffield, masu yin wuƙaƙe ne a Ingila a ƙarni na 19, ya juya min bututun ya nuna min tambarin gidan gwajin bindiga na Bamingam da aka kafa a 1813, ɗan mitsitsi sai da na haska da tocilan waya kafin na gani. Ya ce wannan ba ta sayarwa ba ce kuma an toshe bututun tuntuni.

Abin da ya sa nake yaba wurin shi ne mutumin nan ba ya ɓoye gaskiya. Akwai wani gatari mai bindiga a rataye, yana ta ƙyalli da zane-zane, ni har na fara cewa Masha Allah wannan ai ya yi shekara 300, ya ce a'a ɗana, kwafi ne na ado daga Sifen, ya ɗauko mayen ƙarfe ya manna a bututun, mayen ya faɗo ƙasa, don ba ƙarfe ba ne, haɗin tutiya ne aka zuba a mazubi, ya kuma sa yatsana na bi layin zubin. Wani mai shagon da sai ya bar ni a kan zatona ya yanka min kuɗi.

Mun jima muna hira kan dalilin ƙera irin waɗannan. A da harbi ɗaya ake yi, kafin ka ɗura albarushi ka danna da sanda abokin gaba ya iso kanka, shi ya sa ake son kaifi a hannu ɗaya. Sojan ruwan Amurka sun sayi guda 150 na wata ƙaramar bindiga da ake kira Elgin, mai faffaɗar wuƙa a ƙarƙashin bututu, don tafiyar bincike ta tekun Fasifik a 1838. Sarkin Ingila Henry na 8 ma akwai kulkin da ake jingina masa mai bututu 3 a kai. Amma ba su yaɗu ba, nauyin wuƙa yana ɓata saiti, bindigar kuma tana hana wuƙar daɗin riƙo, ƙarancinsu ne yanzu ya sa masu tarawa ke rububinsu. Ya ce in ka ga ta Beljiyam ka nemi tambarin gwajinsu mai haruffan ELG cikin da'ira mai kamar ƙwai, in da kambi a sama to daga 1893 ne zuwa gaba.

Inda ban ji daɗi ba, wajen adana ne. Kumasi kun san damshi, shagon ba iska ba fanka, na ga tsatsa ta fara cin bakin wani takobi kuma kubensa na fata ya yi funfuna, abin ya dame ni sosai don in ya lalace ba a samun wani. Na ce Baba a riƙa shafa musu mai mana, ya ce yaron da ke yi masa ya koma makaranta. Sannan ba a rubuta farashi a jikin komai.

Na sayi gatarin kwafin, ya rubuta min rasit cewa na ado ne ba ya harbi, ya kuma ja kunnena cewa duk wadda ke iya tashi sai da lasisin 'yan sanda, tsohon kaya kuma ba a fitar da shi daga Ghana sai da takardar hukumar gidajen tarihi. Yana karɓar MoMo, wato biyan kuɗi ta waya. Asabar mai zuwa in Allah ya yarda zan koma da man keken ɗinki da tsumma mu goge takobin nan tare.