Duka ba ciwon kansa ba ne, amma ba halinsu ɗaya ba

Hajiya, kin tambaya me ya sa aka yanke wa ƙanenki ɓangaren muƙamuƙi, alhali 'yar maƙwabtanku a Mabera ƙwaƙule mata ƙarin kawai aka yi, ga shi duka an ce ba kansa ba ne. Sunayen da kika kwafo daga takardun gwaji su ne amsar: nasa amelobilastoma ne, nata kuwa adenomatoid odontogenic tumour, wanda likitoci ke taƙaitawa da AOT.

Asalinsu ɗaya, ragowar ƙwayoyin da suka gina haƙori tun mutum yana ƙarami. Daga nan suka raba hanya.

AOT mai ladabi ne. Ya fi kama 'yan mata 'yan ƙasa da shekara 20, a gaban muƙamuƙin sama, galibi kewaye da fiƙar da ta ƙi fitowa. Yana zaune cikin kwasfa mai kauri, ana ɓare shi kamar gyaɗa, da wuya ya dawo.

Amelobilastoma, irin wanda aka fi gani, ba shi da wannan kwasfa. Kusan kashi 80 cikin 100 a muƙamuƙin ƙasa yake, wajen matauna. A hoton ƙashi yakan fito kamar kumfar sabulu, amma inda hoto ya nuna iyakarsa ba nan ya tsaya ba, yana kutsawa cikin ramukan ƙashi kamar saiwar gawo. Sinadaran furotin da yake fitarwa ne ke share masa hanya: MMP na narkar da abin da ke riƙe nama, RANKL kuma na ingiza ƙwayoyin da ke cin ƙashi. Fiye da rabin na muƙamuƙin ƙasa suna ɗauke da gurɓataccen furotin BRAF V600E, wanda ke ta umartar ƙwaya ta hayayyafa ba hutu. Shi ya sa kankarewa ba ta isa, sai an haɗa da kamar santimita 1 zuwa 1.5 na lafiyayyen ƙashi.

Abin da ya fi ba ni mamaki, AOT ma yakan ɗauki gurɓataccen furotin KRAS, wanda layin aikinsu ɗaya da BRAF, duk da haka yana zaman lafiya. Don haka ban yarda a yanke hukunci da sunan furotin guda ba. Ko Ki-67, ma'aunin yawan ƙwayoyin da ke rabuwa, ƙarin haske ne kawai a kan abin da aka gani a madubin likita.

Ki ce wa ƙanenki kada ya yanke zuwa sashen tiyatar baki da muƙamuƙi, ko a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo ne ko inda aka yi masa aikin, don irin nasa yakan dawo ko bayan shekara 10, kuma ba lallai ya zo da zafi ba.