Kaya da araha, aikin hannu da tsada: rahoto daga Hamburg

Bayan gaisuwa mai yawa ga Baba da Inna da Yaya da sauran 'yan uwa, ina so in amsa tambayar da ake yawan yi mini a waya, wato me na tara tun zuwana Jamus. Abin da na mallaka a Hamburg bai wuce gado da tebur da tukwane da keke ba, kuma ba rashi ne ya jawo hakan ba. Dalilin yana cikin yadda kaya da hidima suke a wannan ƙasa, wanda kusan kishiyar namu ne.

A gida, magidanci mai rufin asiri ba ya samun kwanciyar hankali sai ya sayi janareta ko sola, ya haƙa rijiyar burtsatse, ya ɗora tanki, ya nemi mota ko babur, sannan ya riƙa kashe musu kuɗin mai da na gyara har abin da Allah ya yi. A nan ba na bukatar ko ɗaya daga cikinsu. Ruwan famfo ana shan sa ba tare da an tafasa ba, wuta ba a ɗauke ta, zirga-zirga kuma da tikiti ɗaya ake yi. A watan Mayun 2023 aka fito da tikitin da ake kira Deutschlandticket a kan Yuro 49 a wata, ya koma 58 a farkon 2025, kuma da shi ake shiga bas da jirgin ƙarƙashin ƙasa da jiragen ƙasa na yankuna ko'ina a ƙasar, ban da masu gudun nan na dogon zango. Jiragen suna makara fiye da yadda ake ba da labari a gida, amma dai suna zuwa. Sai da na zauna a nan na fahimci cewa da yawa daga abin da muke lissafawa a matsayin dukiya faci ne kawai muke yi wa hidimar da ya kamata kowa ya samu.

Abincin yau da kullum ba shi da tsada idan aka auna shi da albashi. Mafi ƙarancin ladan aiki a 2025 Yuro 12.82 ne a awa, kuma ladan awa ɗaya yana isa a sayi burodi da madara da taliya da dankalin Turawa a kantuna irin su Aldi da Lidl. Kusan kowace kwalbar roba ko gwangwanin lemo akwai ajiyar santi 25 a kanta, wadda na'ura take mayar wa mutum idan ya kai ta kanti, shi ya sa ake ajiye kwalabe a gefen kwandon shara domin masu tsinta su samu. Haka kuma mutane suna fitar da kwali ƙofar gida, cike da kwanuka ko littattafai, da rubutu a jiki cewa kyauta ne ga mai so. Kofuna da farantan da nake amfani da su daga nan suka fito, kuma babu wanda yake ganin hakan abin kunya ne.

Abin da yake da tsada shi ne aikin hannun ɗan Adam. Kuɗin da tela zai karɓa ya rage tsawon wando yakan kusa kai kuɗin sabon wando mai araha, mai gyaran famfo kuwa sai an yi alƙawari da shi tun da wuri, kuma har zuwansa ana biya. Babu mai wanki da guga a bakin layi, babu ɗan dako, babu yaron da za a aika. Wanda yake wanke tufafinsa ya goge da kansa yakan daina tara su, kuma wanda ya san shi zai ɗauki kujera a kafaɗa zuwa hawa na huɗu yakan yi tunani sosai kafin ya saya. Ranar Lahadi ma yawancin kantuna a rufe suke bisa doka, sai na tashoshin jirgi da gidajen mai da masu burodi, don haka akwai yini guda a mako da sayayya ba ta cikin lissafi.

Ba na so a ɗauka komai ya fi namu. Mai kanti a nan bai san sunana ba, ba a ciniki, ba a gyara, ba a kuma bashi ko na kwana ɗaya. Inshorar lafiya dole ce ga kowa kuma tana biyan magani mai tsada, amma ganin ƙwararren likita yakan ɗauki makonni. A ganina, wannan sanayya ta kasuwar gida hidima ce babba da ba mu lissafa ta.

Naman halal yana samuwa a shagunan Turkawa da ke titin Steindamm kusa da babbar tashar jirgin ƙasa, doya da manja da kuɓewa kuma a shagunan 'yan Afirka, sai dai da tsada. Saboda haka, Yaya, idan an samu mai tahowa a aiko mini da kuka da daddawa da yaji, amma kada a saka kilishi ko dambun nama, domin dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shigowa da nama, kuma ana ƙwace shi a filin jirgi.