Tattakin Hunturu a Argungu: Abin da Na Gani da Abin da Na Ci

Ƙungiyar masu tattaki da nake bi a Birnin Kebbi ta saba zaga unguwanni ne bayan sallar asuba, rana na fitowa kowa ya kama gabansa. A hunturun bana shugabanninta suka fito da wani tsari: mutum ya biya kuɗi, a kai shi Argungu a mota, a yini ana zaga gari da ƙafa tare da ɗan jagora, kuɗin kuma ya haɗa da mota, karin kumallo, abincin rana da shiga gidan tarihi. Na biya, na je. Wanda ya tambaye ni ko tafiyar ta ci kuɗinta zan ce masa ta ci, sai dai akwai gyara.

Yawancinmu ba mu san Argungu ba sai a lokacin bikin kamun kifi, ranar da jama'a ke cika gari har ba masaka tsinke, ka dawo gida ba ka ga komai ba sai ƙura da bayan mutane. A watan Janairu, ba biki ba hayaniya, garin a sake yake. Sanyi kuma shi ne abokin mai tafiya a ƙasa. Wannan yawon da muka yi, da a ce a watan Afrilu ne, da hantsi bai yi ba za a watse.

Mun sauka da sassafe, hazo bai gama washewa ba, aka nufi da mu wajen wata dattijuwa mai tuyar masa. Muka ce, “Inna, ina kwana, ina sanyi?” Ta ce, “Lokacinai na, ɗiyana. Ku zamna ku ci da zahi.” Masar shinkafa ce, daga tanda sai kwano, gefenta ya soyu ƙwarai, cikinta laushi, da ɗan tsamin da ke nuna ƙullin ya kwana yadda ya kamata. Ga ƙosai, ga kunun gyaɗa mai kauri. A nan masu shirin suka fara burge ni. Ba su kai mu wani gidan abinci mai kujerun roba da talabijin ba, inda mutanen unguwa ke saye suka kai mu, kuma sun yi magana da ita tun jiya ta ƙara ƙulli.

Daga nan sai Gidan Tarihi na Kanta, kusa da kasuwa. Tsohuwar fadar sarakunan Kabi ce, a ciki suka zauna har 1942 da aka koma sabuwar fada, aka mayar da ita gidan tarihi a 1958. Ginin ƙasa ne mai kaurin bango, kana shiga zaure za ka ji iskar waje ta yanke. Akwai takubba, masu, kwari da baka, tambura, layu da kayan su na dā, akwai kuma makwancin sarakuna a cikin gidan, inda muka tsaya muka yi addu'a.

Kayan da kansu ba sa magana, kuma rubutun bayanin da ke jikinsu kaɗan ne. Ɗan jagoranmu ne ya raya su. Bakabe ne, magidanci, ba ya gaggawa. Ya faro daga Muhammadu Kanta, wanda ya kafa daular Kabi a farkon ƙarni na 16 bayan ya ɓalle daga Songhai, ya gina birninsa a Surame, wanda kufansa ke cikin jihar Sakkwato a yau. Ya gangaro zuwa 1805 da dakarun jihadi suka ci Birnin Kebbi, da yadda Kabawa suka ƙi miƙa wuya har Argungu ta zama mazauninsu, aka shafe shekaru ana gwabzawa da Sakkwato da Gwandu. Abin da ya fi ƙayatar da ni shi ne adalcinsa. A cikinmu akwai 'yan ƙasar Gwandu, akwai Kabawa, kowa da labarin da ya ji a gidansu, amma ya ba da tarihin ba tare da ya ci zarafin kakan kowa ba. Da wani matashi ya so ya ja zancen, sai ya ce masa, “Ƙanena, bari mu kai bakin ruwa, can ne aka sasanta.” Wannan mutumin shi ne rabin kuɗin da muka biya.

Kasuwa ba mu daɗe ba, in ban da layin masu kifi. Bandar tarwaɗa jere a kan tabarmi, ga ƙarfasa, ƙamshin hayaƙi ya cika wurin. Wata Hajiya da ke cikinmu ta koya mana duba banda: ka ɗaga ka ji nauyinta, ka shinshina, ka ɗan bubbuga ka ga ko gari zai zubo, in ya zubo ƙwari sun riga ka. Kusan kowa ya yi tsaraba.

Tafiyar zuwa Matan Fada, wurin da ake gasar kamun kifin a kogi, ita ce mafi tsawo, kuma ita na fi so. Ruwan ya ja baya, shiru, sai tsuntsaye da wasu yara a kwalekwale. A nan jagora ya cika alkawari. Ya ce ziyarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo Argungu a 1934 ita ce ta rufe tsohuwar gaba, kuma kamun kifin da aka shirya don karrama shi ne ya zama bikin da duniya ta sani, wanda hukumar UNESCO ta saka cikin jerin al'adun gado na duniya a 2016. Ya bayyana mana aikin Sarkin Ruwa, da gyaran ruwa da fashin ruwa, wato al'adun tsarkake ruwan da buɗe shi ga masunta, da dalilin da ya sa ba a barin kowa ya faɗa wannan yanki da koma yadda ya ga dama: sai an bar kifi ya huta ya girma kafin a samu irin giwan ruwan da ake ɗagawa ranar gasa. Wani masunci ya kife gorarsa a ruwa ya hau ya nuna mana yadda take ɗaukar mutum, ita ce kuma ma'ajin abin da ya kama. Na sha ganin wannan a hoto, amma ban taɓa tsayawa kusa har na taɓa gorar da hannuna ba. Can gaba fadama ce kore shar, manoman rani na ta dashen shinkafa, injinan ban ruwa na ta ƙara. Mai son ya gane dalilin da ya sa aka ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa rance na Anchor Borrowers a Kebbi a 2015, ya zo ya tsaya a nan.

Bayan azahar aka kawo tuwon shinkafa da miyar kuka wadda ta ji daddawa da busasshen kifi, sai farfesun tarwaɗa mai yaji. Tuwon ya tuƙu, babu gudaji. Farfesun ne bai isa ba, na ƙarshen layi romo kawai suka samu, alhali kowa kuɗi ɗaya ya biya. Hurar da aka dama mana da la'asar ta ɗan wanke laifin.

Gyaran da nake nufi ga shi. Motar ta makara wajen tashi, wannan ya sa aka riƙa kora mu a gidan tarihi, wurin da ya fi cancantar a zauna. Ba a yi tanadin makewayi ba, mata da dattawa suka sha wahala har sai da wani maigida ya buɗe mana gidansa, Allah Ya saka masa da alheri. Bai kamata a dogara da karamcin mutane a kan abin da aka karɓi kuɗi dominsa ba. Sannan ba a gaya wa kowa tsawon tafiyar ba tun farko, wasu suka zo da silifas, kafin la'asar kaushi ya tsage musu. Mai niyyar zuwa ya sa takalmi rufaffe, ya riƙe rigar sanyin da zai iya cirewa da hantsi, da man shafawa, da takunkumi saboda ƙura, musamman mai asma, da kuɗi a hannu don masu banda ba duka ke karɓar tiransifa ba.

Na faɗa wa shugaban ƙungiyar duk wannan a mota muna komawa. Ya saurara, ya ce, “Mun ji, Malam, za a gyara.” Na kuma roƙe shi kada su canza ɗan jagoran, su ƙara masa lokaci a gidan tarihi ko da za a rage na kasuwa.