Taya mai M+S ko tayar hunturu: wacce ta dace da Damagaram?

Tayoyin hannu da ake kawo mana daga Turai ta Kwatano sukan zo da tambari biyu. M+S na nufin taɓo da dusar ƙanƙara, amma kamfani ne ke buga shi saboda faɗin zanen tayar, ba tare da gwaji ba. Mai hoton dutse mai kai uku da ƙanƙara a ciki kuwa, wato tayar hunturu, an gwada ta a kan dusar ƙanƙara.

Robar tayar hunturu laushi gare ta, an yi ta don sanyin da bai kai digiri 7 ba. A kwaltarmu ta watan Afrilu, zafi ya haura 40, nan da nan take cinyewa, birki ma ba ya kamawa da wuri. Ni dai, ga direban da ke bin hanyar ƙauye da damina, gara M+S, muddin babu hoton dutsen a gefenta.